Benci a Ƙofar Gida: Tarihin Yaƙin Katako da Rana da Ruwa da Gara

A unguwarmu akwai wani benci da muka yi karo-karo muka saya wa majalisa. Ranar da kafinta ya kawo shi a amalanke sai ƙyalli yake yi, ya sha banish, har ana korar yara kada su hau. Damina ɗaya ta wuce, ƙyallin ya fara ɓarewa kamar saɓar maciji. Rani ya shigo, katakon ya koma toka-toka, ya tsattsage. A damina ta uku wani dattijo ya zauna a gefe guda, ƙafar bencin ta lotsa da shi. Da muka juya shi sai muka tarar gara ta cinye cikin ƙafar ta bar ɓawo kawai. Muka yi ta zagin kafinta, muka ce ya yi mana algus, muka sake karo-karo, wannan karon muka sayo kujerun roba. A cikin shekarun nan uku babu ko ɗayanmu da ya taɓa cewa a wanke bencin, a shafa masa wani abu, ko a ɗaga ƙafafunsa daga ƙasa.

Abin da ya ci bencinmu ya daɗe yana cin jiragen ruwa da gadoji da ɗakunan ibada da turakun waya a duniya. Mutane sun nema masa magani ta hanyoyi dabam-dabam, kuma kowace hanya akwai abin da aka biya a kanta. Wasu sun biya da daji, har da sarauta. Wasu sun biya da guminsu duk bayan 'yan shekaru. Wasu kuma sun biya da lafiyarsu ba su sani ba. Idan muka bi wannan tarihi za mu ga inda muka tsaya, mu da bencinmu.

Abin da ke cin katako

Muddin itace yana tsaye, ɓawonsa ne rigarsa. Da an sare shi an tsaga, an tuɓe shi ke nan. Katako zare-zare ne da wani danƙo ya haɗa, masana suna kiran danƙon lignin. Hasken rana, musamman ɓangarensa da ido ba ya gani, yana farfasa wannan danƙo a saman katako. Ruwan sama ya zo ya wanke abin da ya farfashe, ya bar zaren a fili, fumfuna ta sami wurin zama, launin ya koma na toka. Wannan ɓarnar a sama-sama take, samfefa ma tana cire ta.

Ta ruwa ta fi tsanani. Katako yana kumbura in ya jiƙe, yana tsukewa in ya bushe, kuma a ƙasarmu yana yin haka da ƙarfi, domin tsakanin Agusta da Fabrairu kamar duniya biyu ce. Wannan kai-komo shi ke tsaga shi. Bakin katako, wato inda zarto ya yanke shi a gicciye, ya fi ko'ina shan ruwa, kamar yadda kara ke zuƙa ta bakinsa, kuma a kan wannan bakin ne ƙafar benci take tsaye. In danshi ya zauna a ciki ya wuce kamar kashi 20 cikin 100 na tsawon lokaci, ruɓa ta fara. Gara kuwa ta ƙasa take zuwa, ta bi danshin nan har cikin ƙafa.

Banish da fentin mai suna yi wa katako fata ne a waje. A cikin ɗaki wannan fata tana shekaru. A waje kuwa katakon yana motsi a ƙarƙashinta, rana tana gasa ta daga sama, har ta tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwa ya shiga ta tsagar, fatar ta hana shi fita, katakon ya ruɓe a ƙarƙashin abin da aka sa don ya kare shi.

Kafin zuwan benci

Kakanninmu ba su sha wannan wahala da wurin zama ba, domin a ƙofar gida dakali suke yi da ƙasa. In ana son ƙari a shimfiɗa tabarma ko buzu, ko a jawo gungume ƙarƙashin inuwa. Kujera 'yar tsugunno ta mata ce, tana cikin gida, da an ga hadari a ɗauke ta. Kalmar benci ma aro ce daga Turanci, kuma abin ya yaɗu ne tare da makarantar boko da kotu da asibiti da tashar jirgin ƙasa, kafin ya sauko wurin mai shayi da majalisa.

Amma sun san itace sosai. Sun san turmi da taɓarya sai ƙirya, domin taurinta. Sun san maɗaci. Sun san azara, wadda ake tsagawa daga gangar giginya, gara ba ta cika yi mata komai ba, shi ya sa magina suka ɗora rufin soraye a kanta. Bakan gizon tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, azara ce ƙashinsa. Dabararsu a kan itace ita ce zaɓe: a nemo wanda Allah ya halicce shi da maganinsa a jikinsa.

A kan gini kuwa dabararsu kulawa ce. Kowace shekara kafin damina a yi yaɓe, a gyara indararo, a bi dakali a cike inda ya zaizaye. Ana jiƙa makuba daga kwanson ɗorawa a yayyafa wa daɓe don ya yi ƙarfi. Ana haɗa laso da katsin marina a shafe soro. Babu wanda yake ganin gida abu ne da za a gina a juya masa baya. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Itacen da ya ci sarauta

Turawan Ingila ma zaɓe suka fara yi, sai dai nasu zaɓen ya kai su nesa da gida. A ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 yaƙe-yaƙensu da Faransa sun lashe manyan itatuwan oak da suke ƙera jiragen yaƙi da su. A Indiya suka tarar maƙeran jiragen ruwa na Bombay, musamman zuriyar Wadia, suna aiki da wani itace mai suna tik. Tik yana da mai a jikinsa wanda ke korar ruwa da ƙwari, ba ya yawan kumbura da tsukewa, kuma ba ya cin ƙusar ƙarfe kamar yadda tsamin oak ke yi. A 1817 aka ƙera wa rundunar ruwan Ingila jirgin Trincomalee da tik a Bombay. Yau fiye da shekara 200 ke nan, yana nan a kan ruwa a garin Hartlepool, mutane suna zuwa kallo.

Da dazukan yammacin Indiya suka fara ja baya, ido ya koma kan Burma, wadda ake kira Myanmar yanzu. Mutanen can sun daɗe da sanin darajar itacensu. Gadar U Bein da ke Amarapura, mai tsawon fiye da kilomita ɗaya, da tik aka gina ta a tsakiyar ƙarni na 19, kuma har yanzu ana tafiya a kanta. Fitar da tik daga daji aiki ne na haƙuri. Ɗanyen gungumensa ba ya tasowa a ruwa, don haka sai a zagaye gindin bishiyar da sara, a bar ta ta mutu a tsaye ta bushe har shekara biyu ko uku, sannan a kayar. Giwaye su ja gungumen zuwa rafi, damina ta kwashe shi zuwa manyan koguna, Irrawaddy ya kai Rangoon, Salween ya kai Moulmein.

Turawa sun ci kudancin ƙasar a yaƙe-yaƙe biyu, kuma a 1856 suka ɗauko wani Bajamushe masanin tsirrai, Dietrich Brandis, ya tsara musu yadda za a riƙa saran tik a lardin Pegu ba tare da dajin ya ƙare ba. A zamaninsa ne aka bunƙasa tsarin taungya, inda ake bai wa manomi fili ya yi shuka tsakanin dashen tik har bishiyoyin su tasa. Daga baya ma'aikatan gandun daji na mulkin mallaka sun kawo wannan tsari Najeriya, kamar yadda suka kawo tik ɗin kansa, suka dasa a wurare irin su Olokemeji a ƙasar Yarbawa.

Arewacin Burma kuwa yana hannun Sarki Thibaw a Mandalay. A 1885 majalisar sarkin ta ci tarar kamfanin Bombay Burmah Trading Corporation, bisa zargin yana ɓoye yawan gumagumen da yake fitarwa don ya rage biyan haƙƙin sarauta. Ingila, wadda dama tana tsoron Faransa ta riga ta shiga Mandalay, ta riƙe wannan a matsayin dalili. Cikin watan Nuwamba na shekarar sojojinta suka hau kogi, kafin wata ya ƙare sun shiga birnin. Aka kwashe Thibaw da iyalinsa zuwa Indiya, ya rasu a Ratnagiri a 1916 bai sake ganin ƙasarsa ba. Ranar 1 ga Janairun 1886 aka shelanta cewa Burma ta sama ta zama mallakar Ingila.

Daga nan tik ya bi wata hanya mai ban mamaki zuwa lambu. Ko bayan da aka koma ƙera jirage da ƙarfe, da tik ake shimfiɗa benensu. In jirgi ya tsufa aka kai shi wurin masu farfasawa, sai a tarar ƙarfen ya yi tsatsa, katakon kuwa garau. Kamfanoni irin su Hughes Bolckow da ke Blyth suka shiga ƙera kujeru da bencinan lambu da shi, har a manna ƙaramin allon tagulla mai sunan jirgin da katakon ya fito. Kamfanin Barlow Tyrie, wanda aka kafa a Landan a 1920, da irin wannan katako ya fara. Haka bencin tik ya cika lambunan Ingila, ana barinsa a waje rani da damina, ba mai, ba fenti, ya koma launin azurfa, ya shekara hamsin ko fiye. Abin da ake sayarwa a gwangwani da sunan man tik ma ba daga tik ake samunsa ba. Yawanci man linsid ne ko man tung da aka tsinka, kuma aikinsa dawo da launi. Bencin kansa bai dogara da shi ba.

Wanda ya zauna a kan wannan benci a Landan ya huta da kulawa, domin an riga an biya kuɗin hutunsa a Mandalay.

Maganin wanda ba shi da tik

Manomin Suwidin da Finland da Norway ba shi da daular da za ta kawo masa tik. Abin da yake da shi fayin ne da danginsa, itatuwa masu laushi da ke ruɓewa in an sake su. Sai ya nemi magani a jikin itacen. Ana tono kututturan fayin masu ƙaro, a faskare, a jera su a rami mai gangara, a rufe da ƙasa da gansakuka, a sa wuta ta ci a hankali ba tare da iska sosai ba, kusan yadda masu gawayi ke yi a wurinmu. Zafi ya narkar da ƙaron, baƙar kwaltar itace ta gangaro ta ƙasa a tara a ganga. Wannan kwalta tana shiga cikin katako, tana korar ruwa, kuma fumfuna ba ta sonta.

Da ita aka riƙe cocin katako na Borgund a Norway, wanda aka gina wajen shekara ta 1200, yana tsaye har yau baƙi ƙirin. Shafa ɗaya ba ta riƙe shi shekara 800 ba. Tsara bayan tsara mutanen wurin suke hawa suna sake shafawa. A ƙarni na 17 kwaltar itace ta zama ɗaya daga cikin manyan hajojin daular Suwidin, wadda Finland ke cikinta a lokacin. Manyan rundunonin ruwan Turai da ita suke shafe jirage da igiyoyi, kuma saboda ta hannun 'yan kasuwar Stockholm take fita, sunan birnin ya bi ta.

Sai kuma jan launin nan da ya zama tambarin ƙauyukan Suwidin. A garin Falun akwai mahaƙar jan ƙarfe da a ƙarni na 17 ita ce mafi girma a Turai. Tarkacen da aka zubar a bakin mahaƙar yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, in ya sha iska da ruwa ya koma rawaya, in aka gasa shi ya koma ja. Ana dafa wannan gari da ruwa da garin hatsi kamar ana dama koko, daga baya aka riƙa ƙara ɗan man linsid, a shafa wa bangon katako. Da farko masu hali ne suke shafawa don gidajensu su yi kama da ginin jan bulo na biranen Turai. An fara sarrafa shi gadan-gadan a 1764, kuma a ƙarni na 19 ya isa gidan talaka. An rufe mahaƙar a 1992, UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, amma har yanzu daga tsohon tarkacen ake ɗibar launin.

Abin da ya sa wannan shafi ya yi nasara shi ne ba ya yin fata. Danshi yana fita ta cikinsa. Garin tsatsar da ke ciki yana tare hasken rana, kuma irin tsatsar nan ce ta sa jar ƙasarmu ta zama ja. In ya tsufa ba ya ɓarewa, gari yake komawa, sai a goge da buroshi mai tauri a sake shafawa, ba kankara, ba samfefa. Aibinsa shi ne yana kama tufafi, don haka na bango ne. Abin zama da na takawa, irin su benci da matakala da gadar bakin ruwa, masunta na gaɓar Roslagen suna da nasu haɗin: kwaltar fayin da dafaffen man linsid da tafintain, kashi ɗaya-ɗaya. Yana bai wa farin katako launin ƙasa-ƙasa mai duhu, shi ya sa suke kiransa mahoganin Roslagen, mahoganin wanda ba shi da kuɗin na gaske. Ya sha, ya bushe, bayan shekara ɗaya ko biyu a ƙara.

Zamanin guba

Da jirgin ƙasa da wayar tangaraho suka zo, aka buƙaci miliyoyin katakai da za su kwanta a ƙasa ko su tsaya a cikinta, kuma babu mai bin su da buroshi kowace shekara. A 1832 John Kyan ya yi rajistar hanyar jiƙa katako a ruwan sinadarin zaiba. A 1838 John Bethell ya zo da wadda ta fi ta: a sa katako a tukunyar ƙarfe, a zuƙe iska, a tura masa kiriyosot da ƙarfi. Kiriyosot baƙin mai ne da ake samu daga kwaltar kwal, shi ne warin da ake ji a jikin tsohon turken waya in rana ta take.

Kiriyosot yana da wari da maiƙo, ba a zama a kansa. A 1933 wani injiniya Ba'indiye, Sonti Kamesam, wanda ke aiki a cibiyar binciken gandun daji ta Dehradun, ya haɗa jan ƙarfe da kuromiyam da asenik ya sami maganin da ake kira CCA. Jan ƙarfe yana kashe fumfuna, asenik yana kashe gara, kuromiyam yana ɗaure su a jikin katako. Katakon yana fitowa a bushe da ɗan launin kore, ba wari, ana iya yi masa fenti. Daga shekarun 1970 ya cika bayan gidajen Amurka: teburan cin abinci na waje, bencina, dandamali, har lilon yara. Fayin mai araha ya koma yana daɗewa kusan kamar tik.

Sai aka fara auna ƙasar da ke ƙarƙashin waɗannan kayayyaki da hannuwan yaran da ke wasa a kansu, aka ga asenik yana fita kaɗan-kaɗan. Masu sarrafa shi suka yi yarjejeniya da hukumar kare muhalli ta Amurka cewa daga ƙarshen 2003 ba za a ƙara sa CCA a katakon amfanin gida ba. A shekarar ce kuma Tarayyar Turai ta hana sayar wa jama'a kiriyosot. Har yau gargaɗin da ake yi a kan irin wannan katako shi ne kada a ƙona shi, domin gubar tana bin hayaƙi, sauran ta taru a toka. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da ba ma barin guntun katako ya wuce murhu. Tsohon turken lantarki ko katako mai launin kore ba itacen girki ba ne, balle na gasa nama.

Mu ma muna da namu kiriyosot na talaka, wato baƙin man da aka juye daga injin mota. Kafintocinmu suna shafa shi a katakon rufi da ƙafar rumfa don gara, kuma yana ɗan yin aiki. Amma ba ya bushewa, yana ɓata riga, yana ɗauke da dattin ƙarfe da ragowar ƙonewar da likitoci ke gargaɗi a kan yawan taɓa su, ruwan sama kuma yana wanke shi zuwa ƙasa. A kan bencin da yara ke kwanciya, ake kuma ajiye kwanon abinci, bai dace ba.

Madobiya

Labarin Burma bai tsaya a Burma ba. A cikin shekarun 2010 kasuwar kujerun alfarma na jan katako ta bunƙasa a ƙasar Sin, dazukan kudu maso gabashin Asiya suka kasa ɗauka, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka ta Yamma. Abin da suke nema madobiya ce, wadda masu sara ke kira Madrid. Muka ga tireloli suna fitowa daga Kogi da Taraba da Adamawa cike da gumagumai, suna gangarawa tashar jiragen ruwa ta Legas. Cikin 'yan shekaru Najeriya ta shiga sahun gaba a masu fitar da ita. Daga farkon 2017 aka sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido a kan cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. Kafin nan manyan bishiyoyin wurare da yawa sun tafi, tare da ganyen da makiyaya ke sassabe wa dabbobi da rani.

Ƙirya tana tafiya a buhun gawayi. Babban maɗaci sai a tsohuwar unguwar Turawa ko bakin tsohon titi. Wanda ya shiga 'Yan Katako a Na'ibawa ya ce a ba shi loko ko jan katako na gaske, farashin zai mayar da shi wurin farin katako da malaina. Dabarar kakanninmu ta zaɓen itace mai maganinsa a jiki tana kuɓuce mana, saboda itacen ne ke ƙarewa. Abin da ya rage a hannun yawancinmu katako ne mai laushi, irin wanda manomin Suwidin ya samu kansa da shi.

Kafintanmu bai yi mana algus ba. Farin katako muka biya, farin katako ya ba mu, ya shafa masa abin da muke so mu gani, wato ƙyalli. Mu ne muka ɗauki katakon talaka muka yi masa riƙon tik. Kujerun robar da muka sayo kuwa rana tana cin su ita ma, suna yin fari, suna bushewa, wata rana ƙafa ta ɓalle, kuma wadda ta ɓalle ba a shafa mata komai ta dawo.

Abin da ya rage mana

Muna da al'adar da ake buƙata, a kan ƙasa muka saba yin ta. Mutanen da suka san yaɓe kafin damina ba sa buƙatar a koya musu cewa abin da ke waje yana son hannu kowace shekara. Aikin benci ma bai kai na yaɓe wuya ba. A ƙarshen rani, lokacin da katako ya bushe sarai kuma ƙurar hunturu ta kwanta, a wanke shi da sabulu da buroshi, a bar shi kwana biyu. A bi shi da samfefa ta tsawon zarensa har tokar ta fita. In akwai tsohon banish sai an cire shi duka, in ba haka ba mai ba zai shiga ba. A ɗiga ruwa a gani: in ya tsaya ƙwaya-ƙwaya, katakon bai buƙatar komai tukuna, in ya shige nan take, yana jin ƙishirwa.

Man da za a shafa ya zama mai bushewa, irin linsid ko tung, ko abin shafin katako na waje da ke shiga ciki. Man gyaɗa da man ja da man kaɗe ba sa daskarewa a jikin katako, sai dai su yi danƙo su kama ƙura. Wanda ke da launi a ciki ya fi farin mai daɗewa, domin garin launin ne ke tare rana. A shafa a inuwa, siriri-siriri, a jira kamar minti 20, a goge abin da bai shige ba. A juya bencin a shayar da bakin ƙafafunsa har su ƙoshi, sannan a ɗora su a kan dutse ko bulo don su rabu da ƙasa. Tsumman da aka yi aiki da shi kada a dunƙule shi a jefa lungu, domin man linsid yana yin zafi in yana bushewa, har ya kama da wuta da kansa. Irin wannan tsumma ne ya tayar da gobarar dogon benen One Meridian Plaza a Filadelfiya a watan Fabrairun 1991, inda 'yan kwana-kwana uku suka rasu. A shanya shi a buɗe ko a tsoma shi a bokitin ruwa.

Daga cikin kujerun roba shida da muka saya, huɗu ne suka rage, ɗaya ma an ɗinke bayanta da waya. An fara maganar sabon karo-karo a majalisa. Mun je wurin kafintan nan da muka zaga, ya yi dariya ya ce zai yi mana wani bencin, amma wannan karon ba banish, kuma ƙafafun da guntun loko zai yi su ko da saman farin katako ne. Mun ware kuɗin gwangwanin mai guda da samfefa a cikin lissafin, muka kuma sa ranar shafawa ta zama Asabar ɗin farko ta watan Afrilu, kowace shekara, kafin hadarin farko.